Shin doguwar rabuwa tana zama saki?

'Yar'uwa, kin tambaya ko aurenki ya mutu tunda mijinki ya bar ki a gidan iyayenki wata 8 ba ci ba sha. Aurenki yana nan, domin daɗewar yaji ko ƙaura ba ta tsinke igiya muddin bai furta saki ba, kuma ciyarwarki tana wuyansa. Abin da ya yi zalunci ne, kada ki zauna jira. Ki je kotun Shari'a tare da waliyyinki, domin a mazhabar Malikiyya alƙali yana da ikon raba aure saboda rashin ciyarwa ko cutarwa, ba tare da kin mayar da sadaki ba, saɓanin hul'i, inda mace ke mayar da sadaki domin a sake ta. Iddarki za ta fara ne daga ranar da aka raba auren.