Tambaya da Amsa: Wai Bindigata Ba Ta Da Saiti?

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah ina neman shawara. Ina zaune a Texas ta Amurka, bara na sayi bindigar farauta mai cin harsashi .308 Winchester da niyyar fita farautar barewa a watan Nuwamba. Na je filin koyon harbi na gwada a nisan yadi 100, harbi biyar suna taruwa a cikin inci ɗaya da rabi, wani lokacin har biyu. Abokan da muke zuwa tare sai tsiya suke min wai in ba ta kai MOA ɗaya ba to asarar kuɗi na yi. Na sayar da ita ne ko yaya? Daga wani mai karatu, Houston.

AMSA: Wa alaikumus salam. Kar ka sayar ɗan'uwa, bindigarka lafiyarta ƙalau, su abokan naka ka ce su nuna maka takardun da suka harba duka, ba guda ɗayan da suka ɗauka a hoto suka ajiye a waya ba.

Bari in ɗan yi wa sauran masu karatu bayani tukunna. Irin wannan bindigar ita ce wadda ɗan abin da ke tada wutar albarushi yake tsakiyar gindin kwanson harsashi, ba a gefe ba kamar na ƙaramar .22. Shi kuma MOA awo ne na kusurwa, kashi ɗaya cikin 60 na digiri ɗaya, a yadi 100 yana zuwa inci 1.047, mutane dai suna cewa inci ɗaya su huta, in da mita kake lissafi kusan santimita 2.9 ne a mita 100. A yadi 200 ya zama inci biyu, a 300 inci uku, haka yake ta buɗewa. Wajen aunawa kuma ramuka biyu da suka fi nisa da juna ake dubawa, daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan, ko ka auna daga bakin waje zuwa bakin waje sai ka cire kaurin harsashin, naka inci 0.308 kenan. Da yawa ba sa cirewa, sai su zalunci bindigarsu a banza.

Toh ga inda rigimar take. Harbi uku ba ya faɗin gaskiya. Kowa in ya yi ta harba uku-uku wata rana sa'a za ta haɗa masa su wuri guda, shikenan sai ya ce ai tawa rabin inci take yi. Su kansu kamfanoni irin su Tikka da Weatherby da suke alkawarin MOA ɗaya, harbi uku suke nufi kuma da harsashi mai kyau sosai. Kai biyar kake harbawa, kaga ba a ma'auni ɗaya kuke ba, kuma duk sanda aka ƙara yawan harbi galibi taron ramukan yakan ƙara faɗi. Mujallar American Rifleman in za ta gwada bindiga harbi biyar take yi har sau biyar a jere sannan ta fitar da matsakaici. Kai ma haka za ka yi, kar ka jefar da takardar da ba ta yi maka daɗi ba, kuma ka riƙa bari bakin bindigar ya huce tsakani don na farauta siriri ne, da ya yi zafi sai ya fara watsi.

Sannan me za ka harba? Wurin zuciya da huhun barewar can ya kai faɗin inci takwas ko fi, kamar faranti. Inci ɗaya da rabi a yadi 100 bai kai inci biyar ba a yadi 300, kuma a ina sabon maharbi zai kai 300 ma. Tsohuwar .30-30 da ta fito tun 1895 galibi inci biyu zuwa uku take yi, amma naman da ta kai gidajen Amurkawa Allah kaɗai ya san yawansa. Masu gasar harbi a kan teburi su ne ke neman ƙasa da kwatan inci, bindigarsu nauyi gare ta ba mai yawo da ita a daji. Ni abin ma dariya yake ba ni in na tuna maharbanmu da bindigar toka, su laɓaɓe suka iya har su kusanci gada.

Abin da ya fi damuna da kai shi ne wannan duk a kan teburi da buhun yashi ka yi shi. Ka tashi ka gwada a tsugune, a zaune, ko ka jingina da sanda, ka kafa farantin takarda, nisan da kake samun farantin kowane harbi nan ne iyakarka, ko da kuwa yadi 120 ne. Ka lura da harbin farko da bakin bindiga a sanyaye, shi ne wanda za ka samu a daji, kuma taro mai kyau da ya sauka inci huɗu gefe da inda ka auna ba shi da amfani sai ka gyara madubin saiti da ke kan bindigar.

In har kana so ta ƙara matsewa, ka duba kusoshin madubin ko sun yi sako-sako, sannan ka sayi harsashi kala biyu ko uku, mai nauyin giren (awon nauyin harsashi kenan) 150 da 165 da 180, kowace bindiga da wanda take so. Ka ja kunama a hankali kar ka fizga. Ranar farauta kuma kar ɗoki ya sa ka manta bismillah kafin ka saki, kuma ka tafi da wuƙarka mai kaifi ko za ka tarar da ita da sauran rai.