An sayar da gidan da shagona yake a Kantin Kwari, sabon mai gida ya ba ni wata ɗaya

Tambaya: Barista, barka da aiki. Shekarata bakwai ina hayar shago a wani gida a Kantin Kwari, ina sayar da atamfa da shadda. Shekara-shekara nake biya, daga 1 ga Maris zuwa ƙarshen Fabrairu, kuma na bana na biya cif. Da zan shiga na ba da kuɗin goro, na sa tayil da kanta da ƙofar ƙarfe da kuɗina. A watan Oktoba aka sayar da gidan. Wakilin sabon mai shi ya ce da baki in kwashe kayana cikin wata ɗaya, in ba haka ba za su ɗana kwaɗo. Ba mu da rubutacciyar yarjejeniya, sai rasit. Mene ne matsayina?

Amsa: Alhaji, sannu da haƙuri. Sayar da gida ba ya kashe haya. Wanda ya saya ya saye shi ne da 'yan hayar da ke ciki, ya hau kujerar tsohon mai gida da haƙƙinsa da nauyinsa. Haka abin yake a dokar ƙasa, haka kuma yake a fiƙihun Malikiyya da kotunan Musulunci na Kano ke aiki da shi: ciniki ba ya warware ijara. Saboda haka zuwa ƙarshen Fabrairu dai shagon nan a hannunka yake, ka riga ka biya.

Abin da zai biyo bayan Fabrairu shi ne wurin da rasit ɗinka zai yi magana. Ka ɗauko su duka bakwai ka karanta. Idan babu yarjejeniyar da ta yanka tsawon wa'adin tashi, ana duba yadda ake biyan kuɗin ne. Mai biya mako-mako yana da notis na mako guda, mai biya wata-wata wata guda, mai biyan wata uku-uku wata uku, ɗan hayar shekara kuma wata shida. Kai a sahun ƙarshe kake. Notis ɗin a rubuce ake bayarwa, a faɗi wane shago ne, wane irin ɗan haya ne kai, da ranar tashi. Maganar baki ta wakili ba notis ba ce. Idan wata shidan ya cika ba ka tashi ba, sai a sake kawo maka takardar kwana bakwai mai sanar da kai cewa mai gida zai je kotu neman shagonsa. Idan lauya ko wakili ne ya sa mata hannu, dole a ce mai gidan ya ba shi izini a rubuce. Daga nan sai shari'a, kuma ma'aikatan kotu ne kaɗai ke fitar da mutum bayan hukunci.

Akwai tarko ɗaya. Idan a jikin rasit ko wata takarda an rubuta cewa hayar ta shekara ɗaya ce tak, ta ƙare rana kaza, lauyan mai gida zai ce wannan haya ce mai ƙayyadadden wa'adi. Irin wannan ba ta buƙatar wata shida, da ta ƙare takardar kwana bakwai ta wadatar. Hujjarka a nan ita ce sabuntawar da aka yi ta yi shekara bakwai ba tare da sabon sharaɗi ba.

A tsohuwar ƙa'ida, notis ɗin ɗan hayar shekara sai ya ƙare daidai da ƙarshen shekarar haya. Kenan wanda yake son ka tashi a Fabrairu sai ya kawo takarda kafin 1 ga Satumba, su kuwa a Oktoba ma suka saya. Wannan makami ne mai kyau a teburin sulhu, amma ban ba ka shawarar ka jingina kasuwancinka da shi ba. A 2021 Kotun Ƙoli, a shari'ar Pillars da Desbordes, ta nuna cewa kuskuren notis ba zai zama mafakar ɗan haya har abada ba, sammacin kotu kansa yana iya zama sanarwa. Ga kuma kuɗin zama da za a lissafa maka na duk ranar da ka ƙara bayan hayar ta ƙare.

Batun kwaɗo kuwa, haramun ne a doka ko da wa'adinka ya cika. Rufe shago, cire ƙofa ko rufi, yanke wuta don a matsa maka, watso kaya waje, duk shiga haƙƙi ne da kotu ke cin mai gida diyya a kai. Sai dai diyya da hujja ake samunta. Yau ɗin nan ka ƙirga kayanka bandir-bandir da turmi-turmi, ka rubuta da farashin sari, ka ɗauki bidiyo mai nuna kwanan wata, ka ajiye takardun sari a gida. Ka ware kayan da ka karɓa bashi ko amana, domin masu su kai za su bi. Idan aka rufe, kada ka fasa kwaɗon da kanka, nan take za a juya maganar ta koma laifi a kanka. Ka kira shugabannin layi su shaida, lauya ya nemi umarnin kotu na buɗewa da hana su sake taɓa ka. Idan aka kawo 'yan sanda, sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum kan rikicin yarjejeniya zalla.

Kuskuren da ya fi kayar da 'yan kasuwa shi ne riƙe kuɗin haya don fushi. Wanda ake bi bashin haya yana iya rasa gatan wata shida. Ka sa lauya ya rubuta wa tsohon mai gida da sabon, a tabbatar maka a rubuce wa ya mallaki gidan da asusun da za ka biya. Maris na kamawa ka tura ta banki, ka rubuta lambar shago da shekarar da ka biya. In sun mayar da kuɗin, ka adana shaidar.

Kuɗin goro, gaskiya, da wuya ya dawo tunda ba a rubuta ba, kuma ba sabon mai gida ne ya karɓa ba. Kanta da duk abin da za ka kwance ba tare da ɓata gini ba naka ne. Tayil ya bi gini. Ƙofar ƙarfe sai dai a daidaita: ko su biya ka, ko ka mayar musu da irin wadda ka tarar.

A ganina ka fara da sulhu, ta hannun shugabannin kasuwa ko sashen sulhu na Babbar Kotun Kano. Sau da yawa mai sayen gida a Kwari ƙarin kuɗi yake nema, ko yana son ya rushe ya ɗora bene. In ƙari ne, ku yi ciniki a rubuta yarjejeniya mai faɗin tsawon notis da yadda za a riƙa ƙari. In gini ne, ka nemi a rubuta maka ranar tashi, da lambar shagon da za a ba ka a sabon ginin, da kuɗinsa, mai gidan da kansa ya sa hannu gaban shaidu biyu.