Ƙaramar mota za ta kai mu Timiya a farkon kaka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a nan Maraɗi. Ni da ƙanena da abokanmu biyu muna son zuwa ganin tsaunukan Abzin a ƙarshen Satumba, kafin a koma aji. Motarmu ƙarama ce, Corolla, amma lafiyarta lau. Burinmu mu kai Timiya. Wace hanya za mu bi, kuma me za mu tanada?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara basira. Corolla za ta kai ku Agadas in an lallaɓa ta, amma can za ku aje ta. Timiya tana wajen kilomita 220 arewa maso gabas da Agadas, kuma hanyar duwatsu ce da rairayi. Aikin kat-kat ne, wato mota mai ja da taya huɗu, da direba ɗan ƙasar.

Hanyoyi biyu ake bi daga Maraɗi. Ta gabas: Tasawa, Takeita, Damagaram, sai ku miƙe arewa ta Tanut da Adarbisnat, jimla kusan kilomita 700. Ta yamma: Madawa, Tsarnawa, Tawa, Abalak, ta ɗan fi tsawo, kuma manyan motoci sun ci kwaltarta a wurare da yawa. Ni ta Damagaram nake zaɓa, ku kwana can ku yi sammako. Sai dai halin hanya yakan sake bayan kowace damina, don haka ku je tasha ku tambayi direban da ya sauko a makon nan, ba wanda ya bi ta bara ba. Matambayi ba ya ɓata. Kada kuma dare ya same ku tsakanin Tanut da Agadas.

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne lokacin. Duk wanda ya ji an ce arewa, ƙishirwa yake tsoro. A ƙarshen Satumba kuwa, ruwa ne abin tsoro a Abzin. Ruwan da ake samu a Agadas a shekara bai cika kai milimita 200 ba, alhali Maraɗi kan samu kusan 500. Amma mu nan jigawa gare mu, tana shanye abin da ya zubo. Can dutse ne tsagwaro, ba ya shan komai. Abin da ya sauka a kan tsauni duk yakan taru ya gangaro cikin kwari lokaci guda, ya taho da itace da duwatsu. Sama na iya zama tas a inda kuke, hadarin kuwa ya zuba a nesa inda idonku bai kai ba, bayan 'yan sa'o'i ƙoramar da kuka gani busasshiya ta cika maƙil. Mutanen Agadas ba su manta da Satumbar 2009 ba, lokacin da ruwan ƙoramar Telwa ya shigo gari ya rushe gidaje masu yawa.

Hanyar Timiya kuma cikin waɗannan ƙoramun take bi, wani wurin ta tsallaka, wani wurin ta miƙe a cikinsu. Can ne inuwa take, can goruba da ƙirya suke, shi ya sa baƙo yake kwaɗayin shimfiɗa tabarma a wurin. Kada ku kwana cikin ƙorama ko da ta bushe ƙayau. Ku hau tudu. In kun iske ruwa yana gudu, ku kashe mota ku dafa shayi. Yakan janye da kansa, wani lokaci cikin rabin yini. Bayan ya janye ma wani ya sauka ya taka da ƙafa, domin rairayin da ya sha ruwa yakan haɗiye taya har gindin mota. Injin da ya zuƙi ruwa kuwa, ba gyaran daji ba ne.

Da shawarata za ka bi, da kun bari sai tsakiyar Oktoba ta wuce, ko ma hutun ƙarshen Disamba. Lokacin ƙoramu sun kwanta, kuma lemun Timiya da ake ta labari sai sanyi ya shiga yake nuna. Na san aji ba ya jira. In lalle sai Satumba, to ku ƙara kwana biyu a lissafinku don zaman jiran ruwa. Ladar wahalar ita ce za ku ga Abzin da ciyawa kore shar, tafkin duwatsun da ke kusa da Timiya kuma cike da ruwa.

Batun kaya: ku tafi da mota biyu in da hali, ko ku bi ayarin masu ɗauko albasa da dankali. Tayar ajiya biyu, famfon iska, shebur, igiyar ja. A rairayi ana rage iskar taya don ta shimfiɗu, amma da an fito kan dutse sai a mayar, in ba haka ba kaifin dutse ya yanke gefenta. Mai, ku lissafa abin da za ku sha a kwalta ku ƙara rabinsa. Ruwan sha kada ya gaza lita 5 ga kowane mutum a yini, ban da na alwala da girki. Ku riƙe gidan sauro, domin kaka ce ganiyar zazzaɓin cizon sauro, da bargo saboda dare a tudu. Dutsen Bagzan ya kai mita 2,022, babu inda ya fi shi tsawo a Nijar. Waya takan ɗauke da an yi nisa da gari, shi ya sa jagorori da yawa suke riƙe Thuraya, wayar da ke aiki da tauraron ɗan Adam.

Tsaro ba abin wasa ba ne. Tawayen 2007 zuwa 2009 ya bar nakiyoyi a wasu sassan arewacin Abzin, don haka kada direba ya bar sawun da motoci suke bi. Tun da aka fara haƙar zinariya a arewa a 2014, 'yan fashi ma sun ƙaru a hanyoyin daji. Kowa ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa, takardun mota su cika. Da kun isa Agadas ku je wurin jandarmomi ku faɗi inda kuka nufa da ranar komowa. In suka ce hanya ba ta biyuwa a makon, ku haƙura.

Ko an hana ku shiga tsauni, tafiyar ba ta faɗi ba. Tsohon garin Agadas ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013, hasumiyar masallacinsa ta laka kuma mita 27 ce. A Ingal, kimanin kilomita 160 yamma, Abzinawa da Fulani Woɗaɓe sukan taru da dabbobinsu a watan Satumba don lasar gishiri. Ku bincika ranar taron bana tun kuna gida. In kuwa a cikinku akwai Bagobiri, ya tambayi dattawan Tibiri kafin ku tashi, domin tarihin Gobirawa ya ce daga Abzin kakanninsu suka gangaro kudu. Allah ya kai ku lafiya, Malam, a gaida ƙanen naka.