Na Samu Ciki Ina Goyo, Dole Ne In Yaye Ɗana?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara sani da lafiya. Ni matar aure ce a unguwar Mabera a nan Sakkwato, ina koyarwa a wata firamare. Ɗana na fari watansa takwas, sai ga shi gwaji ya nuna ina da ciki na wata biyu. Da Inna, mahaifiyar maigidana, ta ji labari, sai ta ce nonona ya ɓaci, in na ci gaba da ba yaron zai yi ta zawo har ya lalace, kuma alhakinsa yana wuyana. Ta ce ranar Juma'a za ta zo ta tafi da shi gida, can wajen Gwadabawa, ta yaye shi. Maigida ya ce shi ba zai ja da mahaifiyarsa ba. Yaron nan kuwa bai iya cin komai ba sai ɗan kunu. Malam, haramun ne mai ciki ta shayar? In na ƙi ba da shi na saɓa wa Allah? Kuma yaya zan yi da azumi idan ya zo?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

'Yar'uwa, Allah ya raya miki wanda ke hannu, ya sauke ki lafiya da wanda ke ciki. Shayar da ɗanki alhali kina da ciki halal ne, babu zunubi a cikinsa. Kuma babu wanda shari'a ta ba ikon ya raba jariri ɗan wata takwas da nonon uwarsa ba da yardarta ba.

Wannan tsoro da Inna ke ji, Larabawa ma sun ji shi, har maganar ta kai gaban Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa, Muslim ma ya kawo a Sahihinsa, daga Nana A'isha, daga Judama 'yar Wahbu, cewa Annabi ya ce ya yi niyyar hana gila, sai ya tuna Rumawa da Farisawa suna yi kuma ba ya cutar da 'ya'yansu. Malik ya ce gila ita ce miji ya kusanci matarsa tana shayarwa. Wasu malamai suka ce ita ce mace ta shayar tana da ciki. Ko wanne aka ɗauka, matsalarki tana ciki, domin abin da ake gudu a na farko shi ne ya kai ga na biyu. Muslim ya kuma kawo labarin wani mutum da ya ce yana zubar da maniyyi a waje saboda tausayin ɗan da matarsa ke shayarwa, Annabi ya ce masa da abin yana cutarwa, da ya cutar da Farisawa da Rumawa.

Na san akwai ruwayar Asma'u 'yar Yazidu a wajen Abu Dawuda, wadda ke cewa gila tana riskar mahayi ta kayar da shi daga dokinsa. Wataƙila wani ya kawo muku ita. Masana hadisi sun yi magana a kan isnadinta, wato jerin mutanen da suka ruwaito ta, wasu sun raunana ta, waɗanda suka karɓe ta kuma sun ɗauke ta a matsayin shawara da jan hankali. Ba ta kai ta ture abin da ya tabbata a Muwaɗɗa da Muslim ba.

Ki lura da yadda Annabi ya yanke hukuncin. Ya dubi abin da ke faruwa da 'ya'yan mutane ne, ya ga babu cuta, ya fasa hani. Wannan ya nuna mana mas'alar tana rataye da cutarwa ko rashinta, kuma masu sanin wannan a yau su ne likitoci da ungozomomin asibiti. Abin da suka tabbatar shi ne nonon mai ciki ba ya ruɓewa kuma ba ya zama guba. Yana iya raguwa idan ciki ya kai wata huɗu ko biyar, ɗanɗanonsa yana iya sauyawa, can kusa da haihuwa kuma ya koma dakashi. Wani yaron da kansa yake sakin nono a wannan lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a ba jariri nono zalla wata 6, sannan a haɗa masa da abinci a ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye. Shekara biyun nan ita ce Alƙur'ani ya ambata a aya ta 233 ta Suratul Baƙara, ya maimaita a aya ta 14 ta Suratu Luƙman.

Amma kada ki ɗauka Inna ƙirƙirar magana ta yi. Ta ga yara da idonta, uwa ta yi rurrutsa, bayan 'yan makonni yaro ya kama zawo, ya rame, gashinsa ya yi ja, ƙafafunsa suka kumbura. Abin da ta gani gaskiya ne. Inda aka yi kuskure shi ne wajen gano sababi. Da an ji uwa ta samu ciki sai a cire yaro daga nono rana ɗaya, a shafa wa nonon maɗaci, a kai shi wani gida, a ɗora shi a kan koko tsululu wanda babu komai a cikinsa sai ruwa da ɗan gasara. A daidai wannan lokaci yake rarrafe, duk abin da ya samu a ƙasa sai ya kai baki. Ga ruwan sha da ba a tafasa ba, ga zafin Sakkwato da kan haura maki 40 a watannin bazara, yana ɓata abinci cikin 'yan sa'o'i, ga kukan rashin uwa da ke hana shi cin ko ɗan abin da aka ba shi. An ɗauke masa abincin da ya fi tsabta da kariya a daidai lokacin da ya fi bukatarsa. Idan ya kwanta ciwo sai a ce ai daman ya sha nonon ciki. Yayen gaggawar ne ya kayar da shi.

Mu mutanen Sakkwato ba sai an ba mu labarin tamowa ba. A garin nan muke da Asibitin Noma, wanda aka buɗe a 1999 don yaran da cutar noma ta ci musu baki da kunci, cutar da ta fi kama ƙananan yara 'yan shekara 2 zuwa 6 waɗanda rashin abinci mai gina jiki ya raunana. Duk wanda ya taɓa shiga wurin ba zai ƙara ɗaukar abincin yaro da wasa ba. Annabi ya ce babu cuta babu cutarwa, kuma Malik ya kawo wannan hadisi a Muwaɗɗa. Yaye ɗan wata takwas da bai iya cin abinci ba, ba tare da an tanadar masa madadin nono ba, yana cikin cutarwar da aka hana.

Akwai halin da hukuncin ke sauyawa. Tsotson nono yana ɗan motsa mahaifa. Ga mai lafiyayyen ciki wannan ba komai ba ne. Amma idan kina ganin jini, ko ciwon mara mai tsanani, ko kin taɓa ɓari ko haihuwar bakwaini, ko aka ce tagwaye ne, ko jininki ya yi ƙasa sosai kina ramewa, likita na iya cewa ki daina. Idan amintaccen likita ya faɗi haka, bin maganarsa ya zama wajibi, domin na cikin ma rai ne. Don haka ki fara zuwa awo tun yanzu, ko a asibitin unguwa, ko Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ki gaya musu a fili cewa kina shayarwa. Ko an ce ki yaye, a hankali ake yi, ana rage shan nono ana ƙara abinci, yaron yana gabanki.

Sai maganar wa ke da ikon yanke yaye. Ayar Baƙara ta ce idan su biyun, uwa da uba, suka so yaye bisa yardar juna da shawara, babu laifi a kansu. Yaye kafin shekara biyu ya halatta, amma da waɗannan sharuɗɗa biyu. Malaman tafsiri sun fahimta daga nan cewa ɗayansu ba ya yanke shi shi kaɗai, kuma shawarar ana yin ta ne a kan abin da zai gyara yaron. Idan uban da ya haife shi ba shi da ikon yaye shi ba da yardarki ba, to kaka ba ta da shi. A ayar dai Allah ya ce kada a cutar da uwa saboda ɗanta. A mazhabarmu ta Malikiyya ma, kamar yadda Ibnu Abi Zaidin ya faɗa a Risala, shayarwa aiki ne da ke kan matar da ke ƙarƙashin igiyar aure, sai in irinta ba sa shayarwa. Yaya za a ɗora miki abu a matsayin wajibi, sannan a ce kin yi zunubi don kin riƙe shi? Ba ki saɓa wa Allah ba idan kin ce a bar miki ɗanki.

Ina so ki nuna wa maigidanki wannan sashe, domin da shi nake. Ɗan'uwa, biyayyar da kake yi wa mahaifiyarka abin yabo ce, Allah ya saka maka. Sai dai Annabi ya ce biyayya tana cikin abin da yake alheri ne, Buhari da Muslim duk sun ruwaito. Yaron nan amana ce a wuyanka, kai za a tambaya. Cewa ba za ka ja da Inna ba bai sauke maka nauyin ba, ka dai tura matarka ne ta tsaya a wurin da kai ya kamata ka tsaya. Suruka ba ta iya buɗe baki ta yi musu da uwar mijinta a al'adarmu ba tare da an ce ba ta da kunya ba, amma ɗa yana iya zama gaban mahaifiyarsa ya lallashe ta. Ka je da kanka kafin Juma'ar. Kuma ayar da ta yi maganar shayarwa ita ce ta ɗora maka ci da tufatar da mai shayarwa. Matarka yanzu mutum uku take ciyarwa da jiki ɗaya. Kuɗin cefane na da ba zai isa ba. Wake, ƙwai, kifi, gyaɗa, zogale, nono, hanta idan hali ya yi, waɗannan yanzu suna cikin nafaƙa. Idan ka lissafa, sun fi madarar gwangwani sauƙi nesa ba kusa ba, kuma ita za ka koma saya idan aka yaye shi yanzu, tunda likitoci da yawa ba sa son madarar shanu ta zama babban abin shan yaro kafin ya cika shekara.

Ke kuma 'yar'uwa, kada wannan amsa ta zama sandar dukan Inna. Tsoron rasa jikanta ne ya sa ta magana, kuma wanda ya ce zai ɗauki ɗanka ya yi wahalarsa ba maƙiyinka ba ne. Ki gaishe ta yadda kika saba, ki bar maigida ya yi bayani. In da hali, ku roƙe ta ta zo ta zauna da ku na ɗan lokaci. Kina tafiya makaranta da safe, kina fama da laulayi, kina bukatar hannu. Ita ta riƙe yaron, ta dama masa kunun gero mai kauri da garin gyaɗa ko waken suya, ta ba shi dafaffen ƙwai da ayaba da dankali, kina dawowa ki ba shi nono. Ku tafi awo tare ta ji daga bakin ma'aikatan asibiti, ta ga ana auna nauyinsa. Zuma dai a dakata da ita sai ya cika shekara. In zawo ya zo, a ci gaba da nono, a ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi asibiti.

Idan wata ta ce za ta taya ki shayarwa, maƙwabciya ko 'yar'uwa, ya halatta bayan an tabbatar da lafiyarta a asibiti. Amma ku rubuta ku ajiye, domin a wurin Malik ko tsotso ɗaya ne ya isa cikin yaro a shekarun shayarwa ya haramta aure tsakaninsa da 'ya'yanta. A gidajen haya na birni mutane suna tashi su watse, a manta.

Game da azumi, Allah ya yi miki sauƙi. Hadisin Anas ɗan Malik Alka'abi, wanda ma'abota Sunan suka ruwaito, ya ambaci mai ciki da mai shayarwa cikin waɗanda aka sauƙaƙa wa. Idan kina iyawa ba tare da cutuwa ba, ki yi. Idan kin ji tsoro wa kanki, ko wa cikin, ko wa yaron, ki sha, kuma in tsoron ya kai na halaka ko cuta mai tsanani, shan ya zama dole. Abin da ya shahara a mazhaba shi ne mai ciki tana ramuwa kawai, mai shayarwa kuma tana ramuwa tare da ciyar da mudu ɗaya a kan kowace rana. Ke da kika haɗa biyun, ki duba dalilin shan. Idan don cikin ne ko don jikinki, ramuwa ta wadatar. Idan don nonon yaron ne kawai, ki haɗa da ciyarwa. Mudun Annabi ake nufi, cikin tafin hannu biyu na matsakaicin mutum, na gero ko shinkafa ko abin da kuka fi ci, ba kwanon awo na kasuwa ba.

Ba ki tambaya ba, amma na san gorin da ake yi wa macen da ta yi rurrutsa, a gidan suna da gidan biki, kamar ita kaɗai ta yi cikin. Ba ki aikata abin kunya ba, cikin aure kika same shi. Bayan kin haihu, in kun ga jikinki yana bukatar hutu, ba da tazara ya halatta da yardarku ku biyu. Sahabi Jabir ya ce suna yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje, Alƙur'ani yana sauka, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta halatta jinkirta ɗaukar ciki na wani lokaci bisa shawara da yardar ma'aurata, matuƙar hanyar ba ta cutarwa kuma ba ta kashe haihuwa gaba ɗaya. Likitoci suna ba da shawarar a bar aƙalla wata 24 tsakanin haihuwa da ɗaukar wani cikin. Ku tambayi hanyar da ta dace da mai shayarwa tun a zuwanku awo, kafin ranar haihuwa ta zo.

Wallahu a'alam.