Shin Girkawan dā suna zaɓe irin namu?

Tambaya: Ni malamin sakandare ne a Tudun Wada, Zariya. Ɗalibaina sun tambaye ni ko Girkawan dā suna da jam'iyyu da akwatin zaɓe kamar namu, tunda an ce daga wurinsu dimokuraɗiyya ta samo asali. Ina neman ƙarin haske.

Amsa: Malam, kalmar dai tasu ce, domin an haɗa ta ne daga "demos", wato jama'a, da "kratos", wato iko. Amma Girka a wancan zamani birane ce masu cin gashin kansu, kuma birnin da ake nufi shi ne Atina, inda babu jam'iyya ko ɗaya irin wadda muka sani.

Abin ya faro ne daga bashi. Wajen shekara ta 594 kafin haihuwar Annabi Isa, bashi ya yi wa manoma katutu har ana sayar da su bayi, sai Solon, shugaban birnin a lokacin, ya yafe basussukan, ya kuma haramta bautar da ɗan ƙasa saboda bashi. A shekara ta 508 kafin haihuwar Annabi Isa, wani jagoran birnin mai suna Kilistenis ya raba jama'a gida 10 bisa inda mutum yake zaune, ba bisa zuriyar da ya fito ba, ya kafa majalisa mai mutum 500, kowane gida ya kawo 50.

Ga inda nake so ku dakata da ɗalibanku. Waɗannan mutum 500 ba zaɓensu ake yi ba, ƙuri'a ake jefawa, wanda rabonsa ya tsaga ya yi shekara guda. Mu Hausawa yanzu da an ce ƙuri'a sai mu tuna da dangwala yatsa, alhali asalin kalmar shi ne abin da ake yi idan an rasa wanda za a bai wa kaso, a bar wa sa'a ta raba gardama. To, wannan tsohuwar ma'anar ce Atinawa suka ɗauka a matsayin dimokuraɗiyya, har masanin falsafa Aristotal ya rubuta cewa ana ganin zaɓe tsarin 'yan tsiraru ne. A ganina suna da hujja, domin wanda aka sani shi ake zaɓa, kuma mai dukiya aka fi sani. Sai muƙaman da ke buƙatar gwaninta, kamar shugabannin yaƙi 10, su ne ake zaɓa, kuma ta wannan ƙofa shahararren jagoransu Ferikilis ya daɗe yana jan ragamar birnin.

Dokoki kuwa jama'a ke yanke su da kansu a kan tudun Finikis, kusan sau 40 a shekara, ta hanyar ɗaga hannu. Suna kuma da wata al'ada: idan aka ga wani babba yana neman fin ƙarfin gari, kowa sai ya ɗauki tsingaro ya kankara sunan wanda yake so a kora, wanda sunansa ya fi yawa ya bar ƙasar shekara 10, ba tare da an taɓa dukiyarsa ba.

Sai dai kada ɗalibai su zaci kowa da kowa ne. Mata da bayi da baƙi mazauna birnin ba su da ta cewa, kuma daga shekara ta 451 sai wanda uwarsa da ubansa duk Atinawa ne ake lissafawa ɗan ƙasa. Kotun jama'a irin wadda ƙuri'a ta haɗa ce kuma ta yanke wa masanin falsafa Sokaratis hukuncin kisa a shekara ta 399. Tsarin ya ci gaba har shekara ta 322 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin da Makidoniyawa, maƙwabtansu na arewa, suka rushe shi.