Me Ya Sa Masu Karatu Suka Fi Son Kishiya a Kan Jarumata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. Daga wani ƙauye nake a ƙasar Ringim, ina rubuta labarin soyayya ina sakawa a WhatsApp. Jarumata marainiya ce mai tallar fura, wadda wani likita ɗan masu kuɗi zai aura. Na ba ta kyau da haƙuri da addini, amma ana cewa ba ta shiga rai, wata ma ta ce kishiyar ta fi burge ta. Me na rasa?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Wadda ta ce kishiya ta fi burge ta, ki riƙe ta hannu bibbiyu. Kishiyar nan tana son abu, ta san tana so, tana kuma neman hanyarsa. Jarumarki kuwa, in na canka daidai, tana zaune tana kuka tana jiran likita.

Irin labarin ba abin kunya ba ne. Tun da littattafan soyayya suka cika kasuwar Kano a shekarun 1980, aka riƙa karanta su a rediyo, har yau da suka koma waya, abin da mai karatu ke nema ke nan: ta ɗan manta da surfe da ɗiban ruwa, ta ga wata irinta ta samu abin da rai ke so.

Inda ake yin tuntuɓe shi ne siffantawa. Fara sol, idanu dara-dara, gashi har gadon baya, sannan a rufe da cewa ita ba ta ma san tana da kyau ba. Wace macen ce za ta yarda da wannan? Yarinyar da ke kai fura kasuwar Gujungu ran Lahadi ta san abin da ya sa ƙwaryarta ke riga ta ƙawayenta ƙarewa. Ta san mai jin yunwa, ta san wanda ke cewa a ƙara nono don ya daɗe a tsugune. Marubutanmu suna tsoron in jaruma ta san darajarta za a ce ba ta da kunya, alhali kunya baki take ɗaurewa, ba ta rufe ido. Kanta na iya zama a sunkuye, lissafinta na tafiya daidai.

Ki gwada haka. Likita ya sha furar ɗari biyu, ya miƙa mata dubu biyar ya juya. Ta bi shi har bakin mota ta ba shi canjinsa cas. Kuɗin kuwa tana bukatarsu, gida babu ko gwangwanin gero. Amma ta san kafin magariba zance ya zaga gari, ta kuma san in ta karɓa ya yi mata farashi ke nan. A nan likitan zai waiwayo, mai karatu ma haka, ba ki ko ambaci hancinta ba.

Sai kuma aibi. Yawan haƙuri ba aibi ba ne, yabo ne ya yi lulluɓi. Ki ba ta wanda ke cizo, kuma ta san da shi: riƙo, ko kaifin baki, ko kwaɗayin barin ɗakin ƙasa. Wannan na ƙarshen na fi so, domin shi ne a ran mai karatunki. Idan da wani manomin riɗi da ya shekara biyu yana zuwa zance, yana kawo toshi duk salla, to ranar da ta sallame shi kada ki mayar da shi mashayi don ki wanke ta. Ki bar shi mutumin kirki, ita kuma ta kwana ba barci don ta san abin da ta yi. Ba yau aka fara ba: Alhaji Imam na Ruwan Bagaja, littafin Abubakar Imam da ya fito daga gasar 1933, da bakinsa yake ba da labarin wayon da ya yi wa mutane, kuma har gobe ana sonsa.

Likitan ma ya san rabin masu gaishe shi aljihunsa suke gaisarwa, shi ya sa canjin nan zai tsaya masa a rai.

Ki koma babi na ɗaya, ki cire sakin layin da kika lissafa kyanta, ki sa ranar kasuwa a madadinsa. Ki tura wa waccan mai son kishiyar ta fara karantawa.