Amsa ga ƙanina mai shirin zuwa Ingila: abin da ke biyo bayan sayar da mota

Assalamu alaikum ƙanina. Na karanta saƙonka, na kuma yi murna da gurbin karatun digiri na biyu da ka samu, Allah Ya sanya albarka. Ka ce kana da niyyar idan ka iso Ingila ka sayi mota mai sauƙin kuɗi saboda zirga-zirgar iyali, in karatu ya ƙare kuma ka sayar wa wani daga cikin ɗalibai 'yan'uwanmu. Ka tambaya ko ya wadatar ku rubuta takardar yarjejeniya a gaban shaidu ka miƙa masa makulli da takardu kamar yadda aka saba a gida, da kuma wanda tara za ta hau kansa idan ya yi laifin hanya bayan motar ta bar hannunka.

Bai wadatar ba. A wannan ƙasa hukuma ba ta duba wanda makulli yake aljihunsa, sunan da ke cikin rajistarta take bi, kuma muddin sunanka ne a can, duk wata wasiƙar tara da kyamara ta jawo ƙofarka za ta zo, ko da motar ta yi wata shida a wani gari. Hukumar da ke riƙe da wannan rajista ita ce DVLA, wadda ofishinta yake Suwansi a yankin Wales, kuma kowace mota tana da takarda mai suna V5C da ke ɗauke da suna da adireshin wanda aka rubuta a matsayin mai riƙe da ita. A jikin takardar an rubuta ƙarara cewa ita ba shaidar mallaka ba ce. Abin da take nunawa shi ne wanda ke da alhakin biyan harajin motar da amsa wa hukuma a kanta. Mallaka kuwa rasit ne da shaidar biyan kuɗi suke tabbatar da ita. Yawancin wahalar da na ga mutanenmu sun shiga a nan ta samo asali ne daga rashin rarrabe waɗannan abubuwa biyu.

Ranar ciniki, tun mai saye bai tayar da motar ba, ku zauna tare ka shiga shafin gwamnati na intanet ka sanar da DVLA cewa ka sayar. Za a nemi lambar motar, da lamba mai alƙaluma 11 da ke jikin V5C ɗinka, da ranar sayarwa, da cikakken suna da adireshin mai saye. Aikin bai fi 'yan mintoci ba, kuma kyauta ne. Nan take saƙon tabbaci zai shigo imel ɗinka, daga baya wasiƙa ta biyo baya tana cewa an cire sunanka. Akwai wani ɗan koren yanki a jikin takardar da za ka yage ka ba mai saye, da shi zai biya harajin motar da sunansa kafin sabuwar V5C ɗinsa ta iso, sauran takardar kuma ka lalata ta. Wanda ya fi son gidan waya yana iya cike sashen da aka tanada ya aika, sai dai wannan hanya tana iya kai mako huɗu, kuma idan mako huɗun ya wuce ba ka ga wasiƙar tabbaci ba, nauyi ne a kanka ka tuntuɓe su. Abin da nake roƙonka da babbar murya shi ne kada ka miƙa wa mai saye dukan takardar a kan alkawarin cewa shi zai aika. Sanarwar haƙƙin mai sayarwa ce, kuma wanda ya sayi mota da mugun nufi ba abin da yake so kamar ta ci gaba da yawo da sunan wani. Shi ma mai kyakkyawar niyya mantuwa tana kama shi, ga karatu ga aiki, takarda ta kwana cikin aljihun mota har tara ta fara sauka.

Takardar yarjejeniyar da ka ambata tana da amfani ƙwarai, a matsayin kariya ta biyu. Ku rubuta kofi biyu, kowa ya sa hannu ya riƙe nasa: lambar mota, da ƙirarta, da adadin tafiyar da agogonta ya nuna, da kuɗin da aka biya, da suna da adireshin kowannenku, da kwanan wata. Ka ƙara da ƙarfe nawa ne aka miƙa makulli, domin idan kyamara ta kama motar da yammacin ranar da ka sayar da ita da hantsi, wannan lokacin da aka rubuta shi ne zai raba gardama. Ka nemi ganin lasin tuƙinsa don ka tabbatar sunan da ya ba ka nasa ne, kuma ya fi kyau kuɗin ya bi ta banki saboda ya bar sawu.

Akwai wani salon ciniki da ya yawaita a tsakaninmu wanda nake so in daɗe a kansa, wato sayarwa da biya kaɗan kaɗan. Ɗan'uwa ya zo ba shi da cikakken kuɗi, sai a ce ya ba da rabi ya ɗauki mota, mai sayarwa kuma ya riƙe V5C da sunansa har sai an gama biya, yana ganin ya riƙe jingina. Gaskiyar magana ba abin da ya riƙe sai alhaki. Tun da takardar ba shaidar mallaka ba ce, riƙe ta ba ya ƙara masa ƙarfin ƙwato kuɗinsa, amma duk tsawon watannin nan shi za a nema idan ba a biya haraji ba, shi za a nema idan inshora ta ƙare, shi za a aika wa tarar gudu da ta fakin. Idan har za ka taimaki ɗan'uwa da bashi, to ka mayar da rajistar sunansa a ranar, bashin kuma ku rubuta shi daban da adadinsa da lokutan biya a gaban shaidu, wanda dama abin da addini ya hore mu da shi ke nan. Na san akwai nauyi a ce wa wanda kuke salla sahu ɗaya ya kawo lasinsa a duba, amma wannan nauyin na minti biyar ne, ɓacin zumuncin da ke biyo bayan tarar da aka yi ta jayayya a kanta kuwa yakan daɗe.

Harajin hanya ba ya bin mota zuwa hannun sabon mai ita tun watan Oktoba na 2014. Da zarar DVLA ta karɓi sanarwarka za ta soke harajinka, ta dakatar da cirar kuɗi daga asusunka idan ta wannan hanyar kake biya, ta kuma aiko maka da cakin cikakkun watannin da suka rage zuwa adireshin da ke kan takardar. Saboda haka kada ka yi wa mai saye alkawarin cewa akwai sauran haraji a kan motar, dole ya biya nasa kafin ya hau titi. Inshora ma haka take: ka kira kamfaninka a ranar ka soke ta ko ka mayar da ita kan wata motar. Wasu sukan bar ta saboda gudun kuɗin sokewa, ko don su sauƙaƙa wa mai saye, alhali idan ya yi haɗari ba shi da tasa inshorar, ana iya tilasta wa kamfaninka ya biya waɗanda aka yi wa ɓarna, shi kuma ya juyo kanka neman abin da ya kashe. Sannan ka tuna da duk wani asusu da ka ɗaura lambar motar a kansa. Idan kana Landan kuma ka sa ana cire maka kuɗin ULEZ kai tsaye, wanda fam 12.50 ne a kowace rana ga motar da hayaƙinta bai cika ƙa'ida ba, kuma ya mamaye dukan unguwannin birnin tun 29 ga Agusta 2023, to ka cire motar daga asusun, in ba haka ba katinka ne zai riƙa biya wa wani yawonsa. Haka asusun mashigar Dartford, wato hanyar ƙetare kogin Thames da ake biyan kuɗi, da manhajojin biyan fakin, da izinin ajiye mota na unguwa. Idan kuma motar da bashin kamfani ka saye ta, ba ka da ikon sayarwa sai ka nemi adadin da ya rage ka biya, domin har lokacin tasu ce.

Yanzu ga batun tara. Ƙa'idar ita ce abin da ya faru kafin lokacin miƙa makulli naka ne, ko da wasiƙarsa ta iso bayan ka sayar, abin da ya faru bayansa kuma na mai saye ne. Amma ko ka yi komai daidai wasiƙa tana iya zuwa maka, domin masu aikawa sukan ɗauko bayanin kafin rajista ta sabunta. Idan ta zo, ka fara duba wanda ya aiko ta, saboda iri uku ne kuma hukuncinsu ya bambanta.

Mafi hatsari ita ce ta 'yan sanda, ta gudun wuce ƙa'ida ko tsallake jar danja. Suna aika sanarwa ga wanda sunansa ke rajista cikin kwana 14 da aukuwar laifin, kuma doka, wato sashe na 172 na Dokar Zirga-zirgar Hanya ta 1988, ta wajabta maka ka amsa cikin kwana 28 ka faɗi wanda yake tuƙi ko ka ba da duk bayanin da kake da shi. Laifin gudun kansa mafi ƙarancin hukuncinsa fam 100 ne da maki 3 na laifi da ake rubutawa a lasin tuƙi, amma ƙin amsa wasiƙar laifi ne mai zaman kansa da ke jawo maki 6 da tarar da ke iya kai fam 1,000 a kotu. Ka ga ke nan mutum yana iya shan hukuncin da ya fi na mai laifin tsanani don kawai ya ce ba shi ya yi ba, ya jefar da takardar. Ga wanda bai cika shekara biyu da cin jarrabawar tuƙi a nan ba, maki 6 ɗin sun isa a soke lasinsa. Abin yi shi ne ka cike fom ɗin, ka rubuta ranar da ka sayar da suna da adireshin mai saye, ka haɗa da kofin rasit da saƙon DVLA. Kada kuma tausayi ya sa ka karɓi makin wani da sunanka, ko ka nemi wani ya karɓi naka, domin wannan yaudarar shari'a ce da ake ɗaure mutane a kanta.

Ta biyu ita ce ta ƙaramar hukuma ko hukumar sufurin Landan, ta fakin a inda aka hana, ko shiga layin bas, ko rashin biyan kuɗin shiga wani yanki. Wannan ba ta da maki, amma tana girma da sauri. Yawanci ana rage rabi ga wanda ya biya cikin kwana 14, shi ya sa wasu suke biya don su huta ko da ba su ne da motar ba, ni kuwa ban ga dacewar haka ba, domin biya yakan rufe ƙofar ƙorafi, kuma wasu tarar suna nan tafe. Cewa ba kai ne mai motar ba a lokacin yana cikin dalilan da doka ta amince da su, don haka ka rubuta ƙorafinka cikin kwana 28 da hujjojinka. Idan sun ƙi, akwai kotun sauraron ƙorafi mai zaman kanta, ɗaya ta Landan, ɗaya ta sauran Ingila da Wales, kuma ba a biyan ko kwabo. Wanda ya yi shiru kuwa, za a ƙara masa rabin kuɗin a kai, a yi rajistar bashin a kotu, daga nan sai masu karɓar bashi su bayyana a ƙofa da nasu kuɗin aikin da yakan fi tarar asali yawa.

Ta uku ta kamfanoni ce masu kula da filayen ajiye mota na kantuna da asibitoci. Wannan neman kuɗi ne a kan saɓa sharaɗi, amma idan aka yi banza da ita suna iya kai ƙara, kuma hukuncin bashi da ba a biya cikin wata guda ba yana zama a tarihin bashin mutum shekara shida, ya hana shi samun hayar gida ko rance cikin sauƙi. Su ma ka aika musu da shaidar sayarwa.

Idan ya kasance an riga an yi sakaci, mota ta tafi da dukan takardar kuma ba a sanar ba, a gaggauta rubuta wa DVLA wasiƙa da suna da adireshi, da lambar mota da ƙirarta, da ainihin ranar sayarwa, da bayanan mai saye, sannan a amsa kowace tara daban, domin gyaran rajista ba ya soke tarar da aka riga aka fitar.

Abin da ya fi damuna game da halinka shi ne lokacin da kake son sayarwa, wato dab da tafiya. Ɗalibi yakan sayar da mota a makon ƙarshe, ya bar gidan haya, wasiƙu su ci gaba da zuwa ɗakin da ba kowa, shari'a ta gudana a bayan idonsa bai sani ba. Ranar da ya zo neman wata biza ko izinin zama, fom ɗin Ma'aikatar Cikin Gida zai tambaye shi ko kotu ta taɓa yanke masa hukunci, har da na laifin tuƙi, kuma amsa da a'a a kan abin da ke rubuce matsala ce babba. Don haka ka sayar da aƙalla wata guda kafin tashinka, yadda wasiƙar tabbaci da cakin haraji da duk wata tarar da ke hanya za su same ka. Duk lokacin da ka sauya gida a zamanka ka sabunta adireshi a kan V5C da kuma lasi, kowanne daban, domin gyara ɗaya ba ya gyara ɗayan, kuma rashin yin haka yana iya jawo tarar fam 1,000. Kafin ka tashi ka biya Royal Mail, wato gidan wayar ƙasar, su riƙa karkatar da wasiƙunka na 'yan watanni zuwa gidan wani amintacce da zai buɗe ya sanar da kai, ka kuma ɗauki hoton rasit da saƙon DVLA da shaidar banki ka adana a imel ɗinka inda za ka same su daga ko'ina. Ka gaida mutanen gida, Allah Ya kawo ku lafiya.